Duktur Bil-Miyya da Baƙuwar Bayan Tukwane

Jikata Raihana ba ta ga likita ba ranar Alhamis. Likitar ta zo har bakin ƙofa, ta koma. Wanda ya jawo haka shi ne Mukhtaru, shugaban kwamitin unguwarmu a nan Ka'akiyya, a ƙasa mai tsarki. Tun da kwamitin ya yi gum kamar an ba shi ajiyar ruwa a baki, ni zan faɗa.

Amma kada a ce ni Ummulkhairi ban san girman manya ba. Bari in fara da yabo.

Masha Allah, kowace unguwa da arzikinta. Wasu Allah ya ba su asibiti, wasu kasuwa. Mu ya ba mu Duktur Mukhtaru. Kada ku tambayi jami'ar da ta ba shi wannan suna, tambayar ta marasa kunya ce. Abin da muka sani, wata shekara ya samu aikin Hajji a Arfa, yana kai ƙanƙara tantin masu jinya. Ya tafi yana Mukhtaru, ya dawo da farar riga da biro uku a aljihu. Wanda ya yini kusa da mai turare ai ba ya rasa ƙamshi.

Mu mata muna ce masa Abu Bil-Miyya, don ba ya iya rufe baki sai ya faɗi kaza cikin ɗari. Ka ce masa ina kwana, ya ce lafiya, casa'in bil-miyya. Matarsa ta ce in miya ba ta yi masa ba, ba ya cewa gishiri ya yi yawa, sai ya ce ya haura da talatin bil-miyya. In ka tambaye shi ina ya samo lissafin, sai ya ɗaga wayarsa sama kamar mai nuna jinjirin wata, ya ce, "Dirasa ce, binciken masana, ya Hajiya. Duniya ta sani." Duniyar dai har yau ba ta zo ta ba da shaida ba.

Wani abin yabo kuma shi ne harshensa. Mahaifinsa Bakano ne, Allah ya jiƙansa, mai sayar da tsire, kowa ya san shi. Amma Duktur ya wuce nan. A titi Larabci yake yi, da lanƙwasa, har ya fi masu shi. Hausa, in ji shi, ta cikin ɗaki ce, sai in zai yi wa tsofaffi bayani yake ɗan sauko mana da ita.

To, Raihana. 'Yar 'yata Suhaila ce, shekararta shida, ba ta magana. In aka ɗaga murya sai ta toshe kunne. Kullum sai ta jera takalman gidan nan a bakin ƙofa, daga babba zuwa ƙarami, in ka goce da ɗaya ranar ba zaman lafiya. An ce mana tawahhud ne, abin da a gida ake kira galahanga. Suhaila ta kai sunanta cibiyar yara, aka ce ta jira. Tana ta jira. Abin da take so kawai, wani da ya san abin ya dubi yarinyar, ya gaya mata yadda za ta yi da ita.

Labari ya kai kunnen Duktur, ya taho ba a gayyace shi ba. Ya tsaya a tsakiyar falo, ya dubi Raihana ta saman tabarau, ya dubi kicin.

"Saba'in bil-miyya na tawahhud," in ji shi, "daga na'urar ɗumama abinci yake. Akwai tururin nukiliya a ciki. A fitar da ita yanzu, yalla."

Suhaila uwa ce, ko cewa aka yi ta fitar da rufin ɗaki za ta fitar. Aka ɗauke na'urar. Duktur ya ce zai adana ta a gidansa, don kare al'umma. Matarsa ta ce tana aiki lafiya lau. Da mako ya zagayo na ji yana ba wasu labarin a bakin masallaci, saba'in ɗin ta koma arba'in. Wataƙila sauran talatin ɗin sun tafi Umra.

Daga nan sharar nukiliya ta kama shi. Ya je gwanjo ya sayo wata 'yar na'ura mai kuka ƙit-ƙit, ya ce tana shinshino guba. Ya nufi filin Tijjani, mai gyaran tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki, jama'a na biye. Ya kara ta a tarin ƙarafa, ta yi kuka. Ya kara a ƙofa, ta yi kuka.

"Kun ji? Sittin bil-miyya na wannan fili shara ce mai kisa. Shekara dubu ba ta mutuwa!"

Da ya gaji ya sauke hannu, na'urar ta zo daidai ƙarfen bel ɗinsa, ta ɓarke da kukan da ya fi na ko'ina. Tijjani ya ja da baya ya ce, "Subhanallah, Duktur, ashe da kai za a fara kwashewa." Daga baya muka ga irinta a hannun magina, suna neman ƙarfe a bango. Fankan fankan dai ba shi ne kilishi ba.

Duk wannan na haƙura, don ba a mutu ba. Sai ya sanar zai yi muhadara, wato lacca, a istiraha, gidan taron da ake haya a bayan unguwa. Darasi uku a zama ɗaya, tun da sau ɗaya aka kama wurin: tawahhud, sharar nukiliya, da yadda ake zargin mutum saboda launin fatarsa. Na ce a raina, to, tun da iyaye za su taru, bari a samu wanda ya san abin da gaske. Maƙwabciyata Rumasa'u tana da 'yar ƙanen miji, Duktura Hadil, likitar yara masu irin wannan larura. Na roƙa, na sake roƙo. Ta yarda za ta zo bayan La'asar ta yi wa iyaye bayani, ta kuma dubi Raihana kafin ta koma bakin aiki.

Da na gaya wa Duktur, har ya miƙe tsaye.

"Duktura Hadil! Daga sunan ma kin ji 'yar manya. Ni da kaina zan tarbe ta, ya Ummu Suhaila. Kada wani jahili ya tsaya a ƙofa ya ba mu kunya. Ni ina gane babban mutum da kallo ɗaya."

Ranar ya saka alkyabba mai bakin zinare. Ya sa aka ajiye kujera mai laushi, ya riƙe furanni, ya sha turaren itace har ana tari. Ya kafe a ƙofa kamar an dasa shi.

Ga wanda bai san tarukanmu ba: in an yi shinkafa da rago, akwai bayin Allah mata da kan zo da robobi su karɓi abin da ya rage. Ba a korarsu, amma ba a shigar da su. Bayan kicin ake tura su, wajen tukwane, su jira a gama. Ku riƙe wannan.

Mu muna ɓangaren mata, lasifika na kawo mana muryar maza. Suhaila ta yi wa Raihana kitso, ta sa mata riga ruwan hoda. Yarinya ta toshe kunne ta shige bayan labule. Muna ta duban ƙofa. Likita shiru. Duktur ya gaji da jira, ya hau mumbari. Ya gama da tawahhud, wanda ranar ya kai tamanin da biyar. Ya gama da nukiliya. Sai ya zo kan na uku.

"Ya jama'a! Casa'in da tara bil-miyya na waɗanda ake tsayarwa a ce ina takardarka, baƙar fata ne! Ni Mukhtaru, da aka haife ni a garin nan, an tsayar da ni! Mutum ya dube ka kawai, bai tambayi sunanka ba, bai tambayi aikinka ba, ya yanke maka hukunci! Wannan zalunci ne! Wanda ya yi haka, wallahi bai cancanci a gaishe shi ba!"

Lissafin nasa ne, amma ciwon namu ne duka. Babu wadda ba ta taɓa ɗanɗana ba a ɗakin nan. Har na ga wata tsohuwa tana share ido. Na ce yau kam Abu Bil-Miyya ya taka gaskiya, ko da bisa kuskure ne.

Dab da Magariba Rumasa'u ta shigo tana haki, cunkoso ya riƙe ta. Ta ce, "Ina Hadil?" Muka ce ke za mu tambaya. Ta zaro waya daga ƙasan jaka, ta ga kira a jere. Ta kira, ta miƙo mini.

"Khala, ki yi haƙuri, ai na zo," in ji Duktura, da dariya a muryarta. Khala ita ce inna a Larabce. "Na sauka daga tasi, na ga dattijo a ƙofa da alkyabba, kamarsu ɗaya da babana. Sai na gaishe shi yadda kakata ta koya mini. Na ce sannu Baba, ina wuni."

Abin da ya faru ke nan. Duktur ya ji Hausa. Ya dubi baƙar abaya, ya dubi launin hannunta, ya dubi jakar da ta riƙo, wadda ta cika da kayan wasan da take gwada yara da su. Ƙwaƙwalwar nan mai lissafi ta yi aikinta nan take. Ya ce mata da Larabci ba a raba abinci ba tukuna, ta zagaya baya. Ta ce, "Baba, ni ce..." Ya ce, "Khalas, ya isa, kowa zai samu. Matsa, muna jiran babbar baƙuwa."

Ita ta ɗauka ta can ƙofar mata take. Ta zagaya, ta tarar da tukwane da bango. Ta zauna a kan kwandon lemo tana kiran Rumasa'u. Akwai lasifika ɗaya a saman tagar kicin, don haka ta sha muhadara tun daga bismillah. Mai dafa abinci ya zuba mata shinkafa, ta ce ta yi daɗi. Da lokacin aikinta ya yi, ta tafi.

"Amma na ƙaru, Khala," in ji ta. "Musamman darasi na uku."

Na fita na same shi a ƙofa, furanni sun langaɓe a hannunsa.

"Ya Ummu Suhaila, likitarki ba ta zo ba. Ban yi mamaki ba, sittin bil-miyya na likitoci..."

"Ta zo. Ka tura ta wajen tukwane."

Ya buɗe baki. Abin da ya fito, da Kananci tsantsa irin na gidan mai tsire, shi ne, "Wayyo Allah na!" Can ya lalubo muryarsa ya ce, "To ai ba ta yi kama da..."

"Da wa, Mukhtaru?"

Tun da ya dawo daga Arfa ban taɓa ganin ya rasa lamba ba sai ranar. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Shi ya sha kunya, amma kunya ba ta duba yaro. Mun koma gida, Raihana ta jera takalmanta, Suhaila ta shiga kicin ta rufe ƙofa, na ji abin da na ji.

Don haka, 'yan kwamiti, Sabi'u mataimaki da Tijjani da sauranku, ga abin da nake so. Ku ɗauki shugabanku ku kai shi asibitin Duktura Hadil, ba alkyabba, ba biro. Ya zauna a benci ya jira layi. In ta fito ya gaishe ta da Hausa, ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta ta dubi jikata. A dawo wa Suhaila da na'urarta, a wanke. Kuma a taro na gaba, tun da ba ya iya zama ba lissafi, ku ba shi wannan ya karanta a lasifika, don shi kaɗai ne a cikin lissafinsa da ke da shaidu: mutanen da aka kora daga ƙofa ranar Alhamis saboda fatarsu da harshensu, ɗari bil-miyya, Duktur Mukhtaru ne ya kore su.