Yaƙin Tunau Mai Wanki da 'Yan Kwikwiyo Shida

Da sunan Wanda ya halicci giwa ya kuma halicci ƙuma, ya tanadar wa kowannensu abin da zai ci. Bayan haka, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadaukai, Tunau ɗan Barmo ɗan Shekarau ɗan Gagare, mutumin Tudun Magarya, kamar yadda maruwaita amintattu suka karɓo shi daga bakin maƙwabtan da suka leƙa ta kan katanga. Gagare shi ne wanda ya kashe ɓauna da mashi guda, ya hau kan gawarta ya zauna ya ci goro. Ɗansa Shekarau ya kashe gada. Barmo ya kashe zomo, ko da yake akwai riwayar da ta ce a tarkon wani ya tsince shi. Da girman gidan ya gangaro kan Tunau, sai ya rataye kwari da bakan gado a bangon zaure, ya ɗauki sabulu da dutsen guga, ya buɗe fagen fama da dauɗar mutanen gari. Tunau na Tabawa, dodon dauɗa, sarkin kumfa, angon bula, mai tayar da riga ta tsaya da ƙafarta don tsabar sitaci!

Asalin fitinar kuwa, Tabawa matarsa tana da ƙane mafarauci mai suna Cindo, shi kuma yana da wata karya baƙa, doguwa, siririya, da ake kira Ƙyale. Ana shirin fita babbar farautar rani sai Ƙyale ta haihu, 'ya'ya shida, kowanne bai fi dunƙulen hannu ba. Wata safiya Cindo ya shigo gidan da kwando a ka, karya na biye da shi, ya dire a gindin bishiyar darbejiya.

Ya ce, "Mijin Yaya, ga amana na kawo. Uwarsu ce za ta shayar da su, kai ido kawai za ka sa. In na dawo, a gaban taron mafarauta zan faɗa cewa jinin Gagare ne ya raine su."

Tabawa ta ajiye muciya ta ce, "Malam, nan fa gidan wanki ne. Wa zai aiko maka da rigar sallarsa gidan karnuka?"

Amma sunan Gagare ya riga ya shiga kunnen gwarzo, ya gangara ƙirji, ya kumbura shi. Ya daki ƙirjin da hannu mai kumfa ya ce, "Gidanmu ba a mai da amana!"

Cindo ya ɗaure karyar a jikin bishiya ya tafi. Rana ba ta kai tsaka ba ƙahon mafarauta ya yi kuka daga bayan gari. Ƙyale ta ɗaga kunne, ta dubi 'ya'yanta, ta dubi ƙofa, ta tauna igiya har ta tsinke, ta haure katanga kamar kibiya, ba a sake ganin ƙeyarta ba har rani ya wuce. A nan ne rundunar marayu shida ta buɗe baki gaba ɗaya, da wani irin kuka siriri wanda ba ya ratsa bango sai dai ya ratsa ƙashin kai, kuma masana sun haɗu a kan cewa daga wannan sa'a Tunau bai ƙara sanin daɗin zama ba.

Gwabzawar farko da jar akuyar Tabawa aka yi ta, domin a jikinta madara take. Sadauki ya naɗe hannun riga, ya ɗaure ƙugu da rawani, ya riƙe kwano a hagu kamar garkuwa, ya doshe ta yana kururuwa, "Sai ni, jinin Gagare!" Akuya ta bari sai da ya durƙusa ya miƙa hannu, sannan ta sakar masa ƙafar baya a haƙarƙari, ta juyo ta bi shi da ƙaho, bai tsaya ba sai cikin bahon jiƙon kaya, ƙafafu a sama. Sau uku yana kai hari, sau uku ana mai da shi. Daga bisani aka nemi sulhu ta hannun Tabawa, wadda ta tatse akuyar tana ta mita, ta dire masa kwanon ta ce ita dai ko da tsinke ba za ta taɓa ɗan kare ba.

To, samun madara daban, shigar da ita cikin kwikwiyo daban. Tunau ya yagi tsumma mai tsabta ya murɗa bakinsa, ya riƙa tsomawa yana ɗiga wa kowanne a baki. Wannan ya tsotsa, wancan ya tofar, na uku ya kama yatsa ya ƙi saki, na huɗu ya yi barci da tsumma a baki. Kafin ya gama da na shida, wanda shi ne ƙaraminsu, mai farin tabo a goshi, da ya raɗa wa suna Auta, na farko ya narkar da nasa ya soma sabon kuka. Haka rana take fitowa ta same shi a tsugune, ta faɗi ta bar shi a tsugune, gawayin dutsen guga ya ci ya zama toka ba a goge ko hula ba, tuwonsa ya sandare a kwano, idanunsa suka yi ja kamar gauta, har wata rana aka gan shi ya tsoma tsumman a madara ya kai bakinsa.

Da idanun abokan gaba suka buɗe, ƙafafunsu suka yi ƙwari, sai yaƙi ya tashi daga cikin kwando ya bazu ko'ina a tsakar gida. Suka koma shan koko, abin da ya shiga kuma dole ya fita, ya kuwa fita a ƙofar ɗaki, da bayan randa, da cikin takalmin maigida. Jarumi ya share gabas, kafin ya juyo an ɓata yamma. Ya zuba toka, ya kwashe, ya wanke hannu, ya taka wani. Ana cikin haka dakarun kaska da na ƙuma suka kawo wa maƙiya ɗauki, suka kafa sansani a bayan kunnuwa da tsakanin yatsu, sai da ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana cirewa yana jefawa a wuta, yana faɗin, "Kun zo gidan mutuwa!" Ya sayo wani tsohon baho na daban ya riƙa yi musu wanka, in ya tsamo ɗaya ya ajiye, kafin ya kamo na biyu na farkon ya yi birgima a turɓaya ya dawo yana kaɗa wutsiya.

Wannan baho shi ya jawo babbar musiba. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ga kwikwiyo cikin kumfa, kafin la'asar labari ya game gari cewa Tunau yana haɗa kayan mutane da karnuka a ruwa ɗaya. Ya rantse, ya fito da bahunan biyu ƙofar gida ya jera don kowa ya gani, amma a banza. Masu kawo wanki suka janye ɗaya bayan ɗaya. A majalisa in ya zauna sai a riƙa matsawa a hankali, har ya tarar tabarma guda tasa ce shi kaɗai. Tukunyar Tabawa ta fara yin miya ba nama, daga baya ba mai. Ba wanda ya tsaya masa sai Mai Unguwa Jatau, dattijo mai haƙuri, wanda ya aiko masa da farar babbar rigarsa ta shadda, wadda zai sa ya je naɗin wani amininsa.

Tunau ya wanke rigar nan wankin da bai taɓa yi wa wata riga ba, ya sa mata bula daidai, ya shanya ta a igiya mafi tsawo, ta buɗe a iska kamar tutar nasara. Ya shiga ɗaki ɗauko gawayi. Iska ta kaɗa, riga ta sulmiyo ƙasa. Ya ku masu sauraro, da ya fito, sai ya tarar runduna ta rabu biyu, uku sun kama hannun dama, uku sun kama na hagu, kowane ɓangare ya kafe ƙafa yana gurnani yana ja da iyakar ƙarfin da madarar akuya ta ba shi. Barde ya yi ƙara wadda ta tashi tattabarun maƙwabta, ya zari tsintsiya ya faɗa tsakiyar fama. Ganinsa ya ƙara musu nishaɗi, don sun ɗauka wasa ya zo. Suka zagaya turmi da riga, ya bi su. Suka ratsa ta ƙarƙashin akuya, ya bi su, akuya ta karɓi rabonta a haƙarƙarinsa. Suka bi ta kwatar da ruwan wanki yake fita. Da ƙura ta lafa, rigar ta koma launin ƙasa, aikin wuyanta kuma ya tsage har ƙirji.

Ya naɗe ta ya kai wa mai ita, kansa a ƙasa. Mai Unguwa ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tunau, ni da mahaifinka mun yi zaman mutunci, shi ya sa ban bi mutane ba. Amma yanzu sai ka zaɓa, ko karnuka ko wanki."

Sadauki ya juyo gida zuciyarsa ta bushe. Ya ƙudura zai zuba su a kwando ya kai bayan gari ya ajiye, amana ta yi ta kanta. Ya kamo biyar ya jefa ciki, ya nemi Auta bai gani ba. Can ya same shi a bayan randa a kwance, ciki ya kumbura, ido ya kafe, ya yi amai a gefensa, ko kai ba ya iya ɗagawa. Ya taɓa shi da yatsa. Ɗan abin ya buɗe baki zai yi kuka, murya ba ta fito ba, sai ya lashi yatsan.

Maruwaita sun ce ba a ji kirari ba a wannan karon. Tunau ya juye kwandon, biyar suka watse, ya cusa Auta cikin rigarsa ta ciki, ya hau tsohon kekensa ya miƙi hanyar garin kasuwa inda likitan dabbobi yake, rana na dukansa, yana taka feda yana jin ɗan numfashin a jikin cikinsa, in ya ji shiru sai ya tsaya ya leƙa. Likita ya duba ya ce tsutsar ciki ce, ya ɗura masa magani, ya ba da na sauran. Kwana da kwanaki Auta na kwance a kan tsohon buhu, ana ɗiga masa ruwa da cokali. Ran nan Tunau ya dawo daga ɗibar ruwa ya tarar da Tabawa a tsugune, ta ɗora kan kwikwiyon a tafin hannunta tana hura koko tana ba shi.

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kada ka ce komai, Malam. Naka kokon ne ya cika kauri."

Auta ya tashi. Alamar warkewarsa ita ce ya cinye igiyar takalmin Tabawa. Shi kuwa Tunau ya kai rigar Mai Unguwa wurin maɗinki aka gyara wuyan, ya koma gaban mai ita ya durƙusa ya ce ba zai iya zubar da 'yan kwikwiyon ba, amma daga yau kayan kowa ba zai ƙara shiga gidansa ba, a rafi zai wanke, a can zai shanya, a zauren wani zai goge. Dattijo ya yarda, mutane suka soma dawowa kaɗan kaɗan. Sai wahala ta ninku: ya dama koko, ya share gida, ya ɗauki ƙunshin kaya a ka zuwa rafi, ya katse wanki da rana ya dawo ya ciyar da runduna, ya koma. Ya rame har wandonsa ya nemi sabon mazagi, su kuwa suka yi ɓulɓul, gashinsu na sheƙi.

Farkon damina ƙahon mafarauta ya sake kuka. Cindo ya shigo da jama'arsa, da layu da gatura da warin daji, Ƙyale a gaba. Ta shinshina 'ya'yanta sau ɗaya ta wuce ta kwanta a inuwa. Tunau ya sa rigarsa mafi kyau, ya sauko da bakan Gagare daga bango ya rataya, ya jera mayaƙansa shida a tsakar gida, maƙwabta suka cika kan katanga.

Cindo ya ce, "Kai, Mijin Yaya, sun yi ƙiba! Bari mu ga zuciya."

Ya kwance bakin wani buhu ya zazzage. Gafiya ta faɗo, ƙatuwa, mai furfura a gemu. Ta tsaya tsakiyar fili ta dubi jama'a. Tunau ya ɗaga baka sama ya yi kururuwar da kakanninsa suka yi a dazuzzuka, "Ku kama ta, 'ya'yan Ƙyale!"

Gafiya ta yi huci sau ɗaya. Mayaƙa shida suka juya a guje, suka shige ƙarƙashin babbar rigar Tunau, suka lafe a ƙafafunsa, Auta yana ƙoƙarin hawa cikin wandonsa.

Mafarauta suka yi dariya har wani ya zauna a ƙasa. Cindo ya share hawaye ya ce, "Wallahi ka lalata su, ka mai da su mutane. Waɗannan ko ƙadangare ba za su kama ba. Na bar maka su duka, halak malak." Ya yi wa Ƙyale fito, suka fice.

Gafiyar kuwa ta taka a hankali, ba gaggawa, ta wuce turmi, ta wuce akuya, ta shige ɗakin girkin Tabawa, kuma har ranar da aka rubuta wannan tarihi tana nan a bayan buhun dawa, ta haihu.