Ragowar Giwan Ruwa

Shekarar da aka ba mu jiha, na samo giwan ruwa a Warra, na shigo gida ina taƙama. Na yi wa Inna alkawarin rabi, surukata sulusi, ƙanwata rubu'i.

Matata ta ce, "Maigida, anya zai kai?"

Na ce ta bar mini lissafi. Na tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na samu uku bisa tara kacal. Har abokai na gayyato cin ragowa.

Da aka yanka, ko rabon ƙanwata bai cika ba. Abokaina gayan tuwo suka ci, suna yaba ilimina.

Har yau in an ci kifi, Inna kan turo mini ƙaya ta ce, "Ungo ragowarka."