Rasuwar Izem, Babur ɗin da Ya Kwanta Dama a Ciyawar Kowa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har yana zuba ta gefe, gidan Haddu u Bassu na ƙauyen Tagunt ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta, da duk wanda aka taɓa tayarwa daga barcin rana, rasuwar Izem, babur ɗin hawan dutse na babban ɗansu Addi.

Kafin a yi nisa, mai wannan rubutu tana neman afuwa. Tuda ce, autar gidan, wadda ba ta taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba, kuma ta san sanarwa irin wannan ta masu gemu ce. Ta jira mai gemu ya ɗauki alƙalami, shiru. Mai gawar kuwa har shekaranjiya cewa yake suma ce. In an ga kuskure a yafe mata. Akwai rago a gefenta da ke son ɗanɗana takardar.

Ba wanda ya san shekarun marigayin. Wani Bature ne ya hau shi ya tsallako duwatsu har garin Tinghir, ya sauka, ya kalle shi da kyau, sannan ya koma ƙasarsu a jirgi. A bayan wani gareji Addi ya same shi jingine da bango, ya ba da tuffar gonarsa ta kaka guda ya karɓo shi. Ya raɗa masa Izem, wato zaki. Mutanen Tagunt, da suka fi kusa da gaskiya, Mai Tari suke ce masa.

Marigayin mai kyawawan halaye ne, kuma wajibi ne a faɗe su.

Mai kyauta ne. Bai taɓa wuce shanyar mata a bakin rafi bai bar musu hayaƙi ba. Mai tawali'u ne, don ya fi son a tura shi a kan ya tashi da kansa, kuma rabin samarin ƙauyen sun sami ladan tura shi har gangaren masallaci. Ba ya nuna bambanci: kazar talaka da ta mai hali duk ɗaya ne a wurin tayarsa, kuma Lalla Hadda maƙwabciyarmu za ta iya shaida. Yana da murya. Da safe yakan ce kar-kar-kar, ya yi shiru kamar mai tunani, ya sake cewa kar-kar, sai kuma FAT-FAT-FAT, alfadarai su tsinke igiya. Kaka, da ta daɗe ba ta jin kiran salla, ranar da aka kawo shi ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, kunnena ya buɗe. To wa ya mutu?"

Amma babban halinsa haƙuri ne, don ya zauna da Addi.

Tun zuwansa gidan nan ba a taɓa yi masa juye ba. Addi ya ce baƙin mai kamar man shanun Kaka yake, tsufa ke ƙara masa daraja. Sarƙarsa da man zaitun na madafar Inna ake shafe ta, har tururuwa suka mai da shi gidan biki. Aka yanke masa salansa don a ji shi daga ƙauye na gaba, ko da yake ƙauye na gaba bai nemi hakan ba. Daga ƙarshe wani abokin Addi ya ce masa soson da ke tace iska shi ke shaƙe wa zaki maƙogwaro, sai aka zare shi, Inna ta samu abin wanke tukunya.

A nan mai rubutu za ta ɗan sa baki, a yi haƙuri. Akwai ɗan littafi da ya zo a ƙarƙashin sirdin marigayin, da Faransanci, ta karanta shi daga bango zuwa bango saboda ba ta iya ganin rubutu ta ƙyale. Ta tari yayanta a zaure ta ce, "Dadda, littafin ya ce in babu soson nan, ƙura da ruwa za su shiga cikin injin."

Ya ce, "Ke Malama Ɓera, littafi ya taɓa hawa dutse?"

"Bai taɓa ba, Dadda."

"To koma ki ci takardarki."

Ta koma. Yanzu tana da amsa, amma ba a yi wa mai makoki gori.

Ajali ya kira marigayin ne zuwa agdal, makiyayar da ke saman ƙauye, wadda take rufe tun narkewar ƙanƙara kamar kowace shekara: ba kofato, ba taya, sai ciyawa ta zubar da iri, Sarkin Ciyawa ya ce a shiga. Yaron goye a Tagunt ya san wannan. Addi ma ya sani, sai dai ya ƙudurta zai zama jagoran Turawa masu babura, yana son hanyar da ba wanda ya taɓa bi. Dda Zayid, Sarkin Ciyawa na bana, yana zaune a gindin tulin duwatsun iyaka sai ga su.

"Addi ɗan Haddu, ina zuwa da jakin ƙarfe?"

"Hanya nake dubo wa baƙi, Dda Zayid. Ai ƙasar kowa ce."

"Ta kowa ce, shi ya sa ba ta ubanka ba ce. Kashe shi mu yi magana."

"In na kashe shi, kai za ka tura?"

Ya murɗa hannu ya wuce. Ya tsaga ciyawar da garken ƙauye duka ke jira, ya bar mata tabo biyu kamar an ja garma a fuskar amarya, har ya kai fadamar da ke ƙasan marmaro. Daga nesa wurin kore ne shar, kamar darduma. Kowace tunkiya a ƙasar nan ta san a kewaye shi. Marigayin ya shiga da ƙarfinsa, ya nutse har tanki, ya buɗe bakin nan da ba soso ya kurɓi ruwa son ransa. Dda Zayid, wanda ban da Addi shi kaɗai ya halarci cikawar, ya ce kalamansa na ƙarshe su ne: fat, fat, gululu, tuf. Sai wani ƙwas daga can cikin ciki, irin na ƙashi. Injin ya buga.

Addi ya dawo gida da takalmi ɗaya.

Gawar tana can har yau. Alfadari ne kaɗai zai iya jawo ta, alfadari kuwa kofato gare shi, kofato kuwa ba ya shiga sai ranar buɗewa. Don haka marigayin, da bai taɓa jiran kowa ba, yana jiran ciyawa ta gama abin da take yi. An ce wani kwaɗo ya tare a sirdin.

Dattawa suka zauna, suka yanke abin da ake yankewa tun kakanni: gidan da ya keta agdal zai yanka rago ya ciyar da jama'a ranar buɗewa. Garken Baba tumaki ne masu ciki da 'yan raguna da ba su isa wuƙa ba. Rago ɗaya ne a gidan da za a iya kai wa dattawa ba a ji kunya ba, shi ne Mimun. Uwarsa ta mutu a sanyin bara waccan, Tuda ta raine shi da kwalba a bayan murhu, a kan cinyarta ya koyi tsayuwa. Bai taɓa taka ciyawar da aka hana ba. Laifinsa a duniya bai wuce cin gefen littattafai ba, kuma ko a nan yana da zaɓi, ba ya taɓa na lissafi.

Mafita ta zo da ƙafarta. Si Lahsen, ɗan gwangwan na Tinghir, ya ce a ba shi gawar yadda take, da kwaɗon da komai, ya kawo rago mai ƙaho a madadinta. Addi ya yi tsalle ya dire.

"Gawa? Wa ya ce gawa? Suma ya yi! Fulogi kawai za a goge!"

Baba ya daɗe yana juya kofin shayi, sannan ya ce, "Ba na sayar da abin ɗana mai rai a bayan idonsa. In ya mutu, gawa ta gida ce, ni ke da magana. In yana da rai, ragon yarinya zai tafi." Ya faɗa bai kalli Tuda ba. Tuda ma ba ta kalle shi ba, ta tafi ta sa fuskarta a ulun Mimun, wanda ke tauna igiyarsa ba ruwansa.

Shi ya sa aka ga yarinya da alƙalami. Mutuwa ba ta tabbata sai an sanar.

Marigayin ya bar mai shi, Addi, wanda ke zaune a kan rufin ɗaki yana kallon dutse. Ya bar hular kwano da ba ta taɓa sanin kan mutum ba, tana rataye a ƙusa sabuwa fil, kaza na neman yin ƙwai a ciki. Ya bar jarkar fetur da ta sha alwashin ba za ta sake aure ba, da rabin salansa a kan rufin Lalla Hadda, da soso ɗaya da ke aiki a madafa cikin rufin asiri, shi kaɗai a zuriyar da ya kama sana'a. Ya bar takalmin hagu, ɗan uwansa na dama ya riga shi. Ya bar tabo biyu a ciyawa, waɗanda Dda Zayid ya ce za su fi mai su daɗewa a bakin mutane.

Jiya da hantsi mai rubutu ta karanta wa Kaka abin da ta rubuta, da ƙarfi saboda kunnen, ba ta lura Lalla Hadda na bakin ƙofa ba. Lalla Hadda ta saurara har ƙarshe, ta juya ta tafi. Can sai ga ta ta dawo da mayafin zuwa gaisuwa, ɗauke da dunƙulen sukari a takardarsa mai shuɗi, irin wanda ake kai wa gidan rasuwa, ta nufi Kaka.

"Lalla Itto, ya haƙuri? Ashe Mai Tari lokaci ya yi. Kazata ta riga shi, yanzu sa gana."

Kaka ba ta taɓa mayar da sukari ba tun da aka haife ta. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗauko 'yar gudumarta ta tagulla, ta fasa, ta jefa a buta. Ƙamshin na'a-na'a ya sauko da Addi daga rufi. Ya zauna, ya shanye kofi, ya miƙa aka ƙara.

"Yau kam shayin ya ji sukari, Kaka. Baƙi aka yi?"

Baba ya dubi takardar shuɗin a kan tabarma, ya dubi ɗansa.

"Ka sha?"

"Na sha, Baba."

"Har biyu?"

"Har biyu."

"To Allah ya ba ka haƙuri, ɗana. Gidan da ya sha sukarin gaisuwa ba ya cewa ba a yi mutuwa ba."

Addi ya buɗe baki. Abin da ya fito bai fi kar-kar ba, kuma ba wanda ya tashi ya tura shi.

Za a yi jana'iza ranar buɗe agdal, da zarar Dda Zayid ya yi kira, bayan garken ƙauye sun shiga, don masu haƙƙi ne a gaba. Alfadarin Kawu Muha zai jawo gawar, in ya yarda, tunda akwai tsohuwar gaba a tsakaninsu. Ba za a yi wanka ba, marigayin ya sha ruwa isasshe. Ba za a yi salla ba, ƙarfe ne. Za a kai shi bakin titi inda a-kori-kurar Si Lahsen za ta jira da rago mai ƙaho a ɗaure, a sauke mai rai a ɗora matacce. Daga nan sai gidan Haddu, inda dattawa za su ci kuskus da nama. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa su ba Kaka sukarin a hannunta. Ana roƙon samari kada kowa ya ce a gwada tura shi sau ɗaya.

Mai rubutu ba za ta samu halarta ba. Ita da Mimun za su bi garken Gwaggo Rkiya zuwa can saman makiyaya, inda ba a jin ƙamshin tukunya, har sai an wanke kwanuka, don ba ta yarda da dattawa masu yunwa ba in sun ga raguna biyu.

Ta manna wannan a ƙofar shagon Si Brahim yau da safe, lokacin da maza suka duƙufa kan buta. In an ga kusurwar ƙasa a gutsure, ba iska ba ce, wanda ya tsira ne ya sa hannu. Kada a neme ta a yi mata tambaya. Kafin mai shago ya ɗago kai, ta bi ta bayan bangon gonar tuffa, ragon na biye da ita yana tauna.