Ranar Da Baba Ya Kasa Gane Bindigarsa

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin ƙanwata ba, ko da kuwa zan manta da sunana. Har yau idan na ji ƙamshin man keken ɗinki sai in kau da kai, ni da a da babu ƙamshin da nake so kamarsa.

Mahaifinmu maharbi ne, a Bomo ya yi rayuwarsa. Ni kuwa ɗan boko ne, shagon buga takardu gare ni a Samaru, kuma (tunda yau ranar tonon asiri ce) ko kaza ban iya yankawa ba sai na kira maƙwabci. Ban taɓa bin Baba daji ba. Lokacin da nake makaranta ma kunya nake ji idan ya fara kirari a gaban abokaina, sai in sulale in bar wurin.

Da idanunsa suka mutu, Yayanmu ya ɗauke shi ya mayar da shi gidansa a Sabon Gari don ya fi kusa da asibiti. Yaya ya ce shi ba za a ajiye masa bindiga a gida mai yara ba, don haka ta faɗo hannuna. Tsohuwar adaka ce, irin wadda ake yi wa tsiya da harba-ka-ruga (tana da takardarta, kada wani ya tashi kai ni ƙara). Da Baba zai miƙo mini ita, abu ɗaya ya ce: kada in bari tsatsa ta ci ta.

To, ban san akwai daɗi a goge bindiga ba sai da na fara. Duk Asabar da safe sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ajiye shayina a gefe, in naɗa tsumma a siririn ƙarfen ɗuri in zura a bakinta, in yi ta murzawa har tsumman ya daina fitowa da baƙi. In ɗiga man keke a kunamar, in gwada ta in ji ta yi laushi. A wannan lokacin ba na tuna komai na duniya. Matata tana mitar cewa har tuwo warin mai yake yi, ni ko a jikina.

Sai aka shiga dogon yajin aiki a jami'a. Ɗalibai suka watse, Samaru ta mutu murus, in buɗe shago in wuni ina korar ƙuda. Raina ya yi baƙi ƙwarai a watannin nan, kuma bindigar nan ce kaɗai abin da nake taɓawa in ga ya gyaru. Gogewar Asabar ta koma ta kullum. Na kai ta wurin Baba Tanimu, maƙerin Sabon Gari kuma aminin mahaifinmu tun suna samari, ya ɗaure mini wani ƙarfe da ya saki. Na je na ba Baba labari, ya ji daɗi. Da ƙarfe ya ƙare mini, sai idona ya koma kan ƙotar.

Ƙotar ta yi baƙi ƙirin, ga wasu tsage-tsage jere a gefenta, wasu manya wasu ƙanana. Ni a wautata na ɗauka ƙaya ce da duwatsu suka yi mata illa. Na kuma saba kallon Turawa a waya suna gyara ƙotar bindigoginsu har ka ga fuskarka a ciki. Na sayo samfefa da man katako wurin kafinta, na zauna na kankare ta tas. Akwai wata tsaga mai zurfi da ta ba ni wahala har tafin hannuna ya yi kanta, amma ban bar ta ba sai da ta ɓace. Na ɗaga bindigar a rana ina murmushi ni kaɗai, ina ganin yau na cika ɗa.

Ranar bikin, bayan an ɗaura aure, aka taru a ƙofar gidan Yaya. Tsofaffin abokan farautar Baba, 'yan kaɗan da suka rage, suka zo da mai kiɗan komo. Dama Baba ya aiko cewa in taho da bindigar, yana so ya yi wa autarsa kirari da ita ko da sau ɗaya ne kafin ya bar duniya. Na naɗo ta a sabon yadi. Tun kafin a buɗe na bi 'yan'uwa ina cewa su jira su ga aiki.

Aka zaunar da Baba a kujera, mai komo ya fara, na durƙusa na ɗora masa ita a cinya. Mutane suka yi ta sha'awar ƙyallinta, ni kuma ina ta sunkuyar da kai irin na mai jiran yabo. Baba ya buɗe baki zai fara, babban yatsansa ya gangara gefen ƙotar. Ya tsaya. Ya sake shafawa daga sama har ƙasa, ya juya ta ya shafa ɗaya gefen. Mai komo ya ga babu abin da zai bi, ya daina kaɗawa.

"Wannan ba bindigana ba ne," in ji Baba, a hankali.

Na ce wallahi ita ce. Bai ko juyo wajena ba. Ya tambaya ko Tanimu yana wurin, aka ce ga shi nan.

"Tanimu, shekara nawa muna tare? An kawo maka gyara, ka ga na makance, shi ne ka musanya min?"

Baba Tanimu ya miƙe yana rantsuwa da Allah cewa ƙarfe kawai ya taɓa. Idanunsa suka ciko. Mutane suka fara kallonsa, har wani daga baya ya ce ai dama tsofaffin bindigogi suna tsada yanzu. A nan na gane cewa in na ƙara yin shiru, mutumin kirki zai koma gida da sunan ɓarawo saboda karambanina. Na so ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Na ce, "Baba, ni ne. Na ga ta yi datti ne, na sa samfefa na goge."

Wani ya fashe da dariya, ya kuma haɗiye ta da ya ga babu mai taya shi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ne ya yi mini bayani a gaban kowa, cikin sanyin murya, wanda ya fi zagi zafi. Kowace tsaga babban nama ne da Baba ya kayar, shi yake yin ta da wuƙarsa a ranar. Da su yake bin kirarinsa, yatsa na tafiya baki na faɗa. Mai zurfin nan da na sha wahala a kanta, ta ɓaunar da ta kashe ƙaninsa ce, wadda ya bi sawunta har ya rama.

Baba ya nemi gafarar Baba Tanimu, sannan ya ce a kaɗa, zai yi da ka. Ya kawo gwankin farko, ya kawo na biyu, ya ambaci wata barewa, sai ya tsaya. Yatsansa yana ta yawo a kan santsin katako. Ya tambayi abokansa me ya biyo bayan barewar, suka dubi juna. Waɗanda suka je wannan farautar duk sun rasu. Ƙanwata tana daga zaure cikin lulluɓi tana kuka, kuma kowa ya san ba kukan amarci ba ne.

Baba ya miƙo mini bindigar ya ce, "Riƙe. An ce ya yi kyau."

Bayan kwana biyu na je na same shi, na ce in ya yarda in kawo wuƙa ya riƙa nuna mini ina mayar da tsagogin. Ya ce wanda bai harba ba ba ya tsagawa, shi kuma ya manta jerinsu. Bai ƙara neman ta ba har Allah ya karɓi abinsa.

Tana nan a ɗakina, babu ɗigon tsatsa a jikinta, don wannan umarnin dai na cika shi. Gyaran gangar Auzinawa na yi, na sani. Abin da na koya kuwa bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi: in ka ga tabo a jikin kayan tsoho, ka tambayi mai shi tun yana iya ba ka amsa, kafin ka je wurin kafinta.