Guɗar Hajiya Dije a Cikin Samfula

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kusa rasa mata saboda daƙiƙa uku na guɗa ba. Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a ba, makaɗa sun ja baya, bikin mata a Daura ya koma walima da kaset ɗin mandiri. Ni kuwa ina da ɗan shago da wata na'ura ta hannu da na sayo a Kongolam, can bakin iyakar Nijar, ana ce mata samfula. Aikinta ta ɗauki gutsuren sauti ta ajiye a maɓalli, in ka danna ya fito. Tana kuma iya ja wa sauti tsawo ko ta matse shi. (A lokacin ji nake kamar ni na ƙera ta.)

Ina neman Rabi, 'yar Hajiya Dije, wadda duk unguwarmu ba a yi mai guɗa kamarta ba. In ta kama hanci ta rangaɗa, sai ka gaji da jira ba ta ja numfashi ba. Ni dai Hajiya ba ta ƙaunar ganina, cewa take ba ni da sana'a sai danne-danne.

Ana jibi walimar yayar Rabi, mura ta shaƙe Hajiya. Ta aiko in zo. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Kai ɗan nan," ta ce da wata murya kamar ana jan buhu a ƙasa, "Rabi ta ce akwatin naka yana maimaita magana?"

"Yana yi, Hajiya."

"To ni zan kama hanci, kai ka saki. In wani ya ji zancen nan, kada ka ƙara taka zauren nan."

Na ce an gama, har da bugun ƙirji.

Matsalar ita ce tsohon kaset ɗin biki da Rabi ta ba ni don in ciro guɗar Hajiya cike yake da hayaniya. Da ƙyar na tsamo daƙiƙa uku masu tsabta, alhali guɗar Hajiya ta gaske ta fi goma. Mai hankali zai koma ya faɗi gaskiya. Ni sai na shiga wurin jan sauti na ninka tsawon sau huɗu. Duk wanda ya san na'urar ya san in ka ja kaɗan ba a ganewa, in ka zarce sai ta riƙa yanka sautin gutsu-gutsu tana maimaitawa don cike gurbi. Na sani sarai. Na ajiye a faifai ke nan aka ɗauke wuta, ban saurara ba. Washegari ina ta jigilar lasifika da waya, kullum ina cewa anjima.

Ranar walima aka ajiye ni a zaure, tunda namiji ba ya shiga cikin mata. Waya ta bi ta kan katanga zuwa lasifikar tsakar gida. Mun shirya da Rabi za ta yi min filashin idan amarya ta fito. Gumi ya jiƙa min riga. Sau uku ina kai hannu in gwada a abin kunne, sai wani dattijo ya shigo mu hau gaisuwa.

Wayar hannuna ta yi ƙara. Na yi bisimilla na danna.

Jama'a, abin da ya fito ba guɗa ba ce. Wani dogon kuka ne mai karkarwa, kamar an saka akuya a injin niƙa. Maimakon in kashe, sai na sake dannawa, ya faro daga farko. Daga baya Rabi ta ba ni labarin abin da ban gani ba: Hajiya ta saki hanci, ta sauke makirfo, ta rufe baki gam, amma muryarta na ci gaba da tashi.

"Innalillahi! Sun hau ta!" wata tsohuwa ta ƙwala.

Mata suka watse, aka kifar da kular shinkafa, amarya ta koma ɗaki da gudu. Maza biyu suka faɗo zaure suna tambayata wa ya rasu. Hajiya kuwa ta duba ta ga hanya biyu ce, ko a ce ta yi guɗar ƙarya ko a ce aljanu ne. Sai ta sulale ƙasa.

Mako guda ana yi mata hayaƙi da tofi, tana shan rubutu kofi-kofi. Ni ko abinci ba na iya ci. Na tabbata Rabi ta fi ƙarfina, har na fara tunanin komawa Mashi wurin kawuna in kama noma.

Rana ta takwas Hajiya ta aiko. Na durƙusa a inda na durƙusa da farko, ban iya ɗaga kai ba.

"Wa ka faɗa wa?"

"Wallahi ba kowa, Hajiya."

Ta daɗe tana kallona, idanunta jajur saboda hayaƙi.

"Bakin da ya san wannan magana ba zai je wani gida neman aure ba. Ka turo manyanka."

Haka na samu Rabi. Amma Hajiya ba ta sake guɗa ba, ko a bikinmu, don mata na ganin ta kai hannu hanci suke neman takalmansu. Wannan har yau yana ci min rai.

Tun daga nan ba na sakin sauti sai na saurara sau biyu, kuma abin da ya zo gajere ina barinsa gajere. Wannan labarin ma na rubuta ne don na san surukata ba ta karatun boko. In kun haɗu da ita, aljanu ne.