Agwagwa Mai Ƙafa Uku

Wani ne a garinmu Solingen na ƙasar Jamus, shekara tara yana neman kujera ɗaya.

Kujerar tana gidan cin abincin da masu tara tsofaffin wuƙaƙen aljihu ke haɗuwa duk Juma'a da yamma, irin wuƙaƙen nan da ake ɗaga ɗan harshe a ƙota a danna, ruwan wuƙar ya yi tsalle ya fito. Teburinsu na jikin murhu. Ƙa'idarsu kuwa guda ce: ba ka zama sai ka kawo abin da ya fito daga maƙerar garin nan, ya haura shekara casa'in. Mutumin namu kuwa teburinsa na bakin ƙofar bayi, duk wanda zai shiga sai ya ɗan tashi masa. Da mai kujerar gefen murhu ya rasu, shi ya fi kowa kuka a jana'iza, yana yi yana lissafin Juma'a.

Ran Lahadi ya tsinci wata wuƙa a kasuwar 'yan gwangwan. Juma'a na yi ya ɗora ta gaban shugaban teburin, Herr Stöcker.

Herr Stöcker ya maƙala gilashin masu gyaran agogo a ido, ya duba gindin ruwan wuƙar inda maƙera ke buga tambarinsu.

"Agwagwa ce," in ji shi. "Maƙerar nan ta rufe tun ina makaranta. Agwagwa mai ƙafa biyu, kafin 1931 ke nan. A shekarar hatimin ya faɗi ƙasa, ƙafa ɗaya ta ɓalle. Daga nan duk agwagwarsu ƙafa ɗaya ce."

"Tawa fa?"

"Taka uku ce."

Mutumin ya gyara tsayuwa. "To ai shi ke nan. In ƙafafu raguwa suke yi da zamani, mai uku ta girmi kowa."

"Kanta ma biyu ne da rabi."

"Ai agwagin zamanin da ne, Herr Stöcker. Lokacin akwai abinci."

Herr Stöcker ya cire gilashin, ya ce akwai wani tsoho, Ewald, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka yi aiki a maƙerar. In ya shaida, kujera ta samu mai ita.

Ranar Alhamis mutumin ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki, ya sayi kek, ya naɗe wuƙar cikin auduga kamar jinjiri. 'Yar tsohon, Frau Hiltrud, ta buɗe masa ƙofa, ta karɓi kek, ta nuna masa kicin. Tsoho na zaune yana fasa gyaɗar turawa da wani guntun ƙarfe. Hannunsa na rawa, sai ya kai duka uku kafin ya sami ɗaya.

Ya karɓi wuƙar, ya kai ta dab da hanci.

"Na san ta."

Mutumin ya matso kusa. "Wa ya buga tambarin, Baba?"

"Ni."

"Wace shekara?"

Tsoho ya juya wajen 'yarsa. "Hiltrud, yau wace rana?"

"Alhamis, Baba."

"To, Litinin, mako biyu da suka wuce."

Frau Hiltrud ta ce, tana yanka kek, "Likita ne ya ce a sama masa abin yi da hannu. Shi ne nake sayo masa wuƙaƙe masu arha a kwali, yana bugawa, in sun taru in kai 'yan gwangwan. Cokulanmu duk sun sha. Kada ka ajiye makullinka a teburin nan."

Mutumin ya dubi ƙarfen fasa gyaɗar. Ashe hatimin maƙerar ne, agwagwa ce a bakinsa, ƙafarta ɗaya.

"Amma tawa uku ce."

"Ran nan hannun da sauƙi," in ji tsoho. "Akwai wata mai bakwai, ita ta tafi Amurka."

Da wani ne, da ya tafi gida ya kwanta. Shi kuwa sai ya tsaya yana nazari, har shayin da aka ba shi ya huce.

"Baba, shekarunka nawa?"

"Casa'in da huɗu. A saman maƙerar aka haife ni, uwata ta ce da ƙarar guduma na fito."

"Gobe kana da abin yi?"

Juma'a sai ga shi ya turo tsoho a keken guragu har gaban murhu, ya ajiye wuƙar a tebur.

"Jama'a, gaskiya zan faɗa. Wuƙa ba ta kai mako uku ba. Amma hannun da ya buga ta shekararsa casa'in da huɗu, ga shi nan na kawo shi ku duba. A haɗa a raba biyu ma, ai an yi nisa."

Ba wanda ya yi dariya, don mutanen teburin nan ba sa wasa da aiki. Herr Stöcker ya maƙala gilashinsa, ya kama hannun tsoho, ya juya shi ciki da baya. Ya ga tabon wuta, ya ga yatsan da dutsen wasa wuƙa ya rage wa tsawo. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya duba. Haka hannun ya zaga tebur, tsoho na biye da shi a keke.

"Na asali ne," in ji Herr Stöcker. "Ba gyara, ba sauyi. A matso masa da kujerar."

Aka ɗaga tsoho aka ɗora shi a gefen murhu, aka kawo masa giya da tsiran alade. Ya miƙe ƙafa, ya ce rabonsa da jin ɗumi irin wannan tun matarsa na da rai.

Mutumin ya tsaya riƙe da keken da babu kowa a kai. Wani ya zo wucewa bayi, ya ɗan matsa masa.

"To ni fa, Herr Stöcker? Ni na kawo shi."

"Kai ba ka da tambari."

Tsoho ya laluba aljihu, ya zaro ƙarfen fasa gyaɗa, hannu na rawa.

"Miƙo goshi, ɗana. Yadda nake ji yau, za ka girmi garin nan."