Ranar da Na Ɗaga Hannu a Kotu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗaga hannu a kotu ba. Ko na so in manta ma, matan unguwarmu ba za su bari ba. Har yau in na shiga gidan suna sai wata ta miƙa hannu sama ta ce, "Ranki ya daɗe, Iya tana da magana!" a kwashe da dariya. To gara in rubuta abina da kaina, yadda ya faru, kafin su gama ƙara masa gishiri.

Ni tsohuwa ce, a wani ƙauye nake tsakanin Kura da Bunkure. Sana'ata biyu: turara shinkafa da wankan gawa. Ta farko ita ke ciyar da ni, ta biyu don Allah nake yi. Boko kuwa sai da haƙorana suka fara zubewa sannan na shiga yaƙi da jahilci (kar wanda ya ce min komai a kan rubutuna, da furfurata na koya). Malamarmu, Malama Hindatu, doka ɗaya ta fi tsanantawa: ba a magana sai an ɗaga hannu. "Iya, in kin ɗaga hannu dole a saurare ki." Na riƙe maganar nan gam. Ku ma ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Abin da ya faru, an kashe Malam Sale mai albasa a bakin kanal ɗin ban ruwan gonaki, wajen ƙofar ruwa, da sassafe. Rigimar sakin ruwa ce, wannan ya ce layinsa ne, wancan ya ce nasa ne, aka ɗaga shebur. Wanda ake zargi ba zan kama sunansa ba, shari'a ba ta ƙare ba. Mutum ɗaya ce ta gani da idonta, Talatu maƙwabciyata, ta fito za ta tsinkar tumatir. Talatu ita ke zuba min ruwa in ina wankan gawa, ni na koya mata komai.

Da wanda ya buga shebur ɗin ya gudu, sai ta ƙarasa ta tarar Malam Sale da sauran numfashi. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta laƙƙana masa kalmar shahada har ya cika. Ta rufe masa ido, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa haɓa, ta juya shi alƙibla, ta lulluɓe shi da mayafinta. Sannan ta tafi gidan mai unguwa ta faɗa. Da farko kowa albarka yake sa mata.

Sai wani lauya ya shiga rediyo.

Akwai shirin da ake yi ana fashin baƙin shari'o'i, muna ji a wajen injin casa muna jiran layi. Mutumin nan da muryarsa mai sanyi ya ce, "Wanda ya ga kisa, abin da aka saba shi ne ya ƙwalla ihu. Wannan shaidar ba ta yi ba. Ta tsaya ta juya gawa, ta ɓata wurin. An sami ɗankwalinta a jikin mamaci. Ban ce ta aikata komai ba, amma lauya mai wayo zai tambaya." Wannan "ban ce" ɗin babu wanda ya ji ta. Kafin la'asar duk garin ya zama lauyoyi. Mai adaidaita sahu lauya, mai tsire lauya. Asabe, wadda muke turara shinkafa tare, da ko kotun mai gari ba ta taɓa leƙawa ba, tana juya tukunya tana cewa, "Ta ɓata hujja! Lauya ya faɗa. Kuma ni dai a gaya min, me ya haɗa ɗankwalin matar aure da haɓar namiji?"

Nan zan faɗi laifina na farko, wanda ba a tsokanata da shi amma ya fi ci min rai. Kwana uku ana wannan surutun na yi shiru. Har kai na gyaɗa sau ɗaya. Mutumin ya iya magana, yana jefa Turanci, sai na ji kamar shekarun da na yi ina rufe idon matattu ba ilimi ba ne.

Ana jibi za a shiga kotu Talatu ta shigo min da hantsi, ta rame kamar ta yi jinya. Ta ce, "Iya, masu gona sun daina kirana tsinka. Yara na bin 'yata suna ce mata 'yar mai ɗankwali. Maigidana ya ce in na ƙara jawo masa magana in san inda zan nufa. Ni in an tambaye ni zan ce ban ga komai ba. Gawa kawai na tarar."

Na ce, "Ke, kin ga wanda ya buga shebur ɗin ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

"To sai ki bar jinin Malam Sale ya bi kanal don wani ya yi surutu a rediyo?"

Ta dinga murza bakin zani. Na ga alamar ta riga ta yanke. In ta ce ba ta gani ba, shi ke nan, babu wani shaida.

Sai na ɗauko littafina na makaranta. Aka maimaita shirin, na kasa kunne na rubuta maganganun lauyan nan ɗaya bayan ɗaya, kowace na rubuta mata amsa a ƙasa. Shafi biyu cur (wuni guda ya ci min, har shinkafa ta kama). Na fita na shelanta wa duk wanda ke da kunne cewa zan je kotu in koya wa lauyan nan hankali. A zatona lauyan da ya yi magana a kan shari'a, ai shi ne lauyan shari'ar. Wa zai tsaya yana yanka naman da ba nasa ba? Babu wanda ya gyara min, don babu wanda ya fi ni sani. Mata shida suka biyo ni mota har Kano, Asabe a gaba, wai za su ga yadda za a ƙare.

Kotun ba irin zaman ƙofar mai gari ba ce, inda dattijo zai yi gyaran murya ya sa baki. Wuri tsit, fanka na juyawa. Mai shari'ar mace ce, da tabarau a ƙarshen hanci. Lauyoyi sun sha baƙaƙen riguna da wata hula kamar an yanko bayan tunkiya. Da Turanci ake yi, tafinta na juyawa. Aka kira Talatu ta shiga akwatin shaida.

Wani lauya dogo ya miƙe. Kafin ya fara ya ce mata da Hausa, a sanyaye, "Malama Talatu, ki kwantar da hankalinki." Na daki cinyar Asabe na ce, "Shi ne! Muryar ce!" Ya yi 'yan tambayoyi, sunanta, sana'arta, sai tafinta ya juyo ya ce, "Ana tambayarki, me ya sa ba ki yi ihu ba?"

Tambayar rediyo sak. Talatu ta sunkuyar da kai. Na ga leɓenta ya fara motsi, na san abin da zai fito.

Na ɗaga hannu.

Babu wanda ya kira ni. Na ƙara miƙa shi sama. Kafaɗata ta fara zafi, na tallafe da ɗaya hannun kamar yadda muke yi a aji. Mai shari'a ta kalle ni ta saman tabarau, ta mayar da kai kan takarda. Na ce a raina, ai ta gan ni, gani kuwa izini ne. Na miƙe.

"Malama! Au, ranki ya daɗe! Ina da magana!"

Na buɗe littafi. Wallahi baƙaƙen nan da na wuni ina jerawa sai suka watse kamar tururuwa, ko ɗaya ban iya kamawa ba. Na rufe shi na nuna dogon lauyan da shi.

"Kai! Kai nake nufi, mai hular tunkiya! Ka taɓa riƙe kan mutum yana cikawa? Ba a ihu a kan mai cikawa, shahada ake ba shi! In ba a ɗaure haɓa da ɗumi ba, baki a buɗe zai sandare, haka kake so 'ya'yansa su zo su gan shi? Da me za ta ɗaure a bakin kanal in ba ɗankwali ba, da ganyen albasa? Ka zauna a rediyo cikin sanyi ka hana baiwar Allah cin abinci, yanzu kuma ka biyo ta nan! In kai ka faɗi a hanya, wa kake so ya tsince ka, mai ihu ko mai rufe maka ido?"

Ana ta buga tebur, ɗan sanda ya taso, ni ko a jikina. Sai da na kai aya. Na tsaya ina haki, ina jiran in ga ya narke.

Mai shari'a ta sa tafinta ya tambaye ni ko na san lauyan nan. Na ce, "Farin sani. Shi ne na rediyo."

Sai dogon nan ya juyo, ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi kashe ni ke nan. Ya ce, "Iya, ni ban taɓa shiga gidan rediyo ba. Ni lauyan gwamnati ne. Ni na kawo Talatu. Tambayar nan na yi ta ne don ta ba kotu amsar da kika bayar yanzu."

Na ce, "To ina na rediyon?"

"Ba ya cikin shari'ar nan, Iya. Sharhi kawai yake yi."

Jama'a, na wanke gawa iri-iri, ban taɓa jin jikina ya yi sanyi irin na ranar ba. Lauyan wanda ake ƙara, wanda da shi ya kamata in yi, ya cusa fuska cikin riga kafaɗunsa na girgiza don dariya. Asabe ta ja hijabi ta rufe har hanci, wai ba ta san ni ba. Mai shari'a ta ce abin da na yi raina kotu ne, tana iya sa a rufe ni, amma albarkacin furfura a fitar da ni kawai. Ga gwiwata ba ta sauri. Daga bencin nan zuwa ƙofa na ji kamar daga Kadawa zuwa Garun Mallam a ƙafa, kowa na kallona, takalmina na ƙara. A bakin ƙofa littafin ya suɓuce ya faɗi, ɗan sandan ya ɗauko ya miƙo min ya ce, "Ga takardun shari'arki, Baba."

Na zauna ƙarƙashin wata bishiya ina zufa. Kunyar daban, amma abin da ya fi damuna shi ne na zo gyara na ƙarasa rusa wa Talatu. Lauyanta guda na wanke tas a gaban alƙali.

An jima sosai sai ga Asabe ta fito da sauri, ta manta ba ta san ni ba. "Iya! Ta faɗa! Duk ta faɗa!" Wai bayan an fitar da ni lauyan ya maimaita tambayar, sai Talatu ta ɗago kai ta ce, "Wadda aka fitar yanzu ita ta koya min ba a ihu a kan mai cikawa." Daga nan ta zayyana komai, rigimar ruwa, shebur, har ta nuna mutumin da yatsa. Da ɗayan lauyan ya taso mata da zancen ɗankwali ta ce masa shi ne abin da ke kanta, da rawani gare ta da shi za ta ɗaure.

A mota na kasa haɗa ido da ita. Ita ta matso ta ce, "Iya, wallahi 'ban gani ba' tana bakina. Sai na ga ke da girmanki an kore ki gaban jama'a, kin tafi tinƙis-tinƙis, kuma ba ki mutu ba. Na ce to ni me zai kashe ni?"

Na ce, "Wato kunyata kika taka kika tsaya."

Ta ce, "Ta yi ƙwari kuwa." Matan nan suka dinga dariya har Kura.

Hukunci na kotu ne, ba nawa ba, ana nan ana yi. Talatu ta koma tsinkar tumatir, kuma yanzu Asabe ce ke gaya wa mutane ita dama tun farko ta san yarinyar mai gaskiya ce. Na rediyon kuwa mako na zagayowa ya koma kan wata shari'ar, bai ma san an yi ba. Dogon lauyan na rubuta masa takardar ban haƙuri, layi uku, da hannuna. A kan hular ce kawai ban janye ba.

Na koyi abu biyu. Dokar Malama Hindatu iyakarta aji. Kuma kafin ki wanke lauya, tambayi na wane ne. Amma masu ɗaga min hannu a gidan suna su ci gaba, ban hana su ba. Ranar da ɗayarsu ta kwanta cikawa, ba mai sharhi za a aika a kira ba. Ni za a kira, ko Talatu.